Ranar da Na Goya Surukina a Babur

Injin babur ɗina ya kama a tsakiyar gadar da ke shiga Treichville, ranar wata Asabar da hantsi, surukina yana zaune a bayana. Ba mu faɗi ba. Ba wanda ya ji ciwo. Aikina ne kawai ya tafi.

Aikin nama ne. Wani mahauci a babbar kasuwar Treichville yake ɗora mini, in kai wa masu balangu a Adjamé. Sawu biyu da safe, ɗaya da la'asar. Kafin wannan na yi shekaru ina dakon buhu a tashar jirgin ruwa: shinkafa, siminti, koko, duk abin da jirgi ya amayar. Wata rana na sunkuya zan ɗauki buhu, ban miƙe ba sai da mutum biyu suka miƙar da ni. Daga nan dako ya ƙare. Mutumin da ba ya iya ɗauka a ka, ba ya iya turin baro, bai yi boko ba, a garin nan abu kaɗan ne ya rage masa. Ni babur ya rage mini.

Mahaucin bai ɓoye mini komai ba ranar da ya ɗauke ni. Yana wasa wuƙa yana magana, ko ɗagowa bai yi ba.

"Mai babur, nama ba ya jira. Ka makara sau ɗaya, zan ce ƙaddara. Sau biyu, akwai wani mai babur ɗin ƙafa uku da ke zuwa kullum yana gaishe ni, ba don yana ƙaunata ba."

Na ce na ji. Sau ɗayan kuma na riga na cinye shi tun a watan farko, ƙusa ta shiga taya.

Babur ɗin ƙarami ne, irin na daji, mai dogayen ƙafafu da taya mai haƙora. Ba don nama aka yi shi ba. An yi shi ne don 'ya'yan masu hali su je bakin teku su watsa yashi. A bayan wani sito na same shi a unguwar tashar jirgi, ƙarƙashin tamfol, ɓera ya cinye kujerar. Maigadin wurin mutumin garinmu ne. Ya ce mai shi ya bar ƙasar, an ce a share wurin, in ina so in ɗauka. Na ɗauka. Amfaninsa ɗaya: yana hawa kwata, yana ratsa taɓo, yana bin tsakanin ƙananan bas-bas ɗin haya da ake ce wa gbaka a Adjamé inda ko akuya sai ta yi tunani.

A gida na tashe shi. Gidan kuwa na surukina ne, wannan ma sai na faɗa, tunda shi ne tushen komai. Da bayana ya lalace, Alhaji, surukin nawa, ya ba mu ɗaki a gidan hayarsa da ke bayan unguwar 220 Logements a Adjamé, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, ƙofofi goma sha. Shi ma a nan yake, ɗakunan gaba. Sana'arsa shigo da tsofaffin kayan mota da na babur a kwantena. Ya san sunan kowane ƙarfe da Faransanci. Bai san inda ake ɗaura ko ɗaya ba.

Ni na koyi inji a wurin wani tsoho mai gyaran injin kwalekwale a bakin ruwa. Ba ya bayani. In ka kai hannu inda bai kamata ba, ya ɗora maka sufana a kan yatsu. Injinsa da na babur ɗin nan 'yan gida ɗaya ne, duk ana haɗa musu mai a cikin fetur.

Mako uku na yi a gindin bango kusa da famfo. Na shimfiɗa buhu, na kwance komai, na jera notuna yadda suka fito. Kan injin ya yi baƙar dauɗa kamar gindin tukunya, na kankare da bakin cokali. Na sa sabon ringi a fistin. Gaskit ɗin ƙasa na yanka shi daga kwalin madara: a ɗora kwalin a kan ƙarfen, a riƙa ƙwanƙwasawa a hankali da guduma, ƙarfen da kansa zai yanke siffarsa. Na kan injin na tagulla ne, na gasa shi a garwashi har ya yi ja, na tsoma a ruwa, ya dawo da laushi. Salansa ta toshe da tsohon mai, ita ma na kwantar da ita a kan gawayi ta ƙone cikinta. Hayaƙin ya shiga shanyar mata, na sha zagi da yare uku.

Karbireta ta fi cin lokaci. Na wanke ta da fetur a gwangwanin tumatir. A cikinta akwai wani ɗan dunƙulen tagulla mai rami kamar na allura, ta nan fetur yake bi, makanikan nan suna ce masa jikila. Akwai lamba a jikinsa, ni ba na karantawa. Na samo guda uku, na ɗaga su ga rana, na duba wanda raminsa ya fi faɗi, na gwada su ɗaya bayan ɗaya. Matatar iska ta ruɓe, sai na yanko soso daga tsohuwar katifa, na shafa masa mai, na matse, na cusa.

Yadda ake sanin an dace ba da kunne ba ne. A hau, a yi tafiya, a kashe, a cire buji, wato fulogi, a duba bakinta. In ta yi baƙi da danshi, fetur ya yi yawa. In ta yi fari kamar toka, fetur ya yi kaɗan, injin yana cin wuta, kuma yana gab da hallaka. Abin da ake nema launin shayi da madara. Sau nawa na cire bujin nan da zafinta ban sani ba, yatsuna sun sani. A ƙarshe na samu. Babur ɗin yana tashi da bugu ɗaya, yana magana ƙasa-ƙasa, yana jan naman rabin saniya ba ya kuka.

Duk wannan mutanen gidan suna kallo. Ba su taɓa ganin aiki sun wuce ba, ba su taɓa kama shi ba kuma. Akwai wani tela a ƙofa ta uku, haifaffen nan, Hausarsa rabi Faransanci. Shi ne shugaban masu ba da shawara. Viye yake kirana, wato tsoho.

"Viye, moto ɗin nan ba ya da murya fa. Kamar keken ɗinkina."

Na ce, "Keken ɗinkinka yana ciyar da kai?"

"Yana ciyarwa."

"To."

Wata huɗu ina aiki lafiya. Sai wata Juma'a, an sauko daga masallaci, Alhaji ya shigo da babbar riga, bayansa mutum yana riƙe da wani abu a nannaɗe cikin takarda. Ya zauna a kujerarsa ta bakin zaure, ya sa aka kira ni. Na cire takalmi, na durƙusa nesa kaɗan. Haka nake yi tun ranar da na auri 'yarsa. Ba na cin abinci a gabansa, ba na kallon idonsa, ba na ce masa a'a. Ba shi ya ƙirƙiro wannan ba, ni ma da shi na tashi.

Aka warware takardar. Salansa ce, sabuwa fil, tana ƙyalli kamar tire na amarya. Na leƙa cikinta. Wayam, ba komai, ana hango rana ta ɗaya bakin.

"Daga kwantena ta fito jiya," in ji shi. "Na ce wannan ta ɗana ce. Irin wadda Turawa ke tsere da ita ce. Ɗaura mu ji."

Na ce, "Allah ya saka da alheri, Baba. Allah ya ƙara buɗi."

Na ɗaura a gabansu. Na buga. Ƙarar ta tashi tantabarun gidan gaba ɗaya. Tela ya fito da almakashi a hannu yana ihu.

"Wallahi yanzu ne ya zama moto! Alaji, kun gama magana!"

Alhaji ya ji daɗi. Da ya tsaya nan, da da sauƙi. Amma mutum in an yaba masa a kan abin da bai sani ba, sai ya ƙara. Ya tashi, ya naɗe hannun riga, ya zagaya babur ɗin. Ya nuna akwatin iska ya ce a buɗe. Na buɗe. Ya ciro sosona da yatsu biyu kamar ya ɗauko mataccen ɓera.

"Wannan fa?"

"Matatar iska ce, Baba. Tana tare ƙura."

"Katifa ce. Kai in an cusa maka katifa a hanci za ka yi gudu?"

Gida ya ɗauki dariya. Ya jefar da soson a kwata. Ya ce a ba shi sukudireba. Ya yi bisimilla da ƙarfi don a ji, ya sa a sukurun iska na karbireta, ya riƙa warwarewa. Injin ya riƙa hawa, muryar tana siranta, tana kaifi, har ta koma kamar ana yanka kwano da zarto. A nan ya tsaya. Ya miƙo mini sukudireban ta kan kafaɗa.

"Ka ji lafiyayyen inji. Shekara talatin ina wannan harka. Kada wanda ya ƙara taɓa shi."

Na ce, "To, Baba."

Washegari na yi sawu ɗaya, na tsaya, na cire buji. Fari fat.

Ban yi wata-wata ba. Da la'asar Alhaji ya fita, na yanko wani soson, na mayar da sukurun inda yake, na sa jikila mai faɗin rami don sabuwar salansar ta fi shan fetur. Salansar na bar ta, kyauta ce, kuma ana ganinta. Na ɗauka abin da ke ciki ba a gani.

Ba a gani, amma ana ji. Alhaji yana zama a bakin zaure daga sallar asuba har rana ta fito, da carbi da rediyo. Ta gabansa nake fita. Da na buga babur ɗin da safe, muryar ta fito da kauri. Ya ɗago kai. Suruki ba ya faɗa da mijin 'yarsa baki da baki, yana da hanyarsa. Da na dawo, matata ta ajiye mini abinci, ta zauna, ba ta tashi ba.

"Malam, Baba ya ce wai wa ya taɓa aikinsa."

"Injin zai ƙone."

"Ya ce a gaban mutane ya gyara, da hannunsa. Yau tela har ya tambaye shi ko gyaran bai yi ba ne."

"Tela ya je ya gyara wuyan rigar da ya ɓata mini."

"Ni dai na faɗa maka. A gidansa muke. Ubana ne. Ka rufa mini asiri."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi, da na sami abin faɗa da shi. Na tashi na cire soson, na mayar da ƙaramin jikila, na warware sukurun har muryar zarton ta dawo.

Daga nan na shiga wata sana'a da har yau in na tuna sai in ji kunyar kaina. Kullum da safe in fita ta gaban Alhaji da ƙara, in ɗaga masa hannu, ya gyaɗa kai kamar wanda ya haifi injin. In sha kwana biyu, in tsaya bayan wani kiyos, ɗan shagon bakin titi, inda gbaka ke juyawa. In ciro soso daga aljihu, a cikin leda, in cusa. In murɗa sukurun zagaye ɗaya da rabi. Sauya jikila yana cin lokaci, don haka sai in bi a hankali, ba na cika totur. Da yamma in tsaya a wuri ɗaya, in cire soson, in warware sukurun, in shiga gida da ihu. Ƙato da furfura a gemu, wanda ya ga abin da ya gani a garin nan lokacin da ya rikice, yana laɓewa bayan kiyos da guntun katifa kamar ɓarawon kaza. Mai kiyos ɗin ya ɗauka wani asiri nake yi. Na bar shi a haka, ya fi gaskiyar mutunci.

Mako shida abin yana tafiya.

Asabar ɗin ta faɗo a ƙarshen shekara, lokacin da garin nan ke cin nama kamar ba gobe. Tun Alhamis mahaucin ya gaya mini sawu huɗu ne, in zo da wuri. Na fito da babur ɗin, na buga. Alhaji ba ya kan kujera. Yana tsaye a ƙofar gida da jaka a hammata.

"Yawwa. Kayana sun fito a tashar jirgi, kuma ka ga hanya, ba motar da ke motsi. Ka sauke ni a Treichville."

Tela har ya leƙo da buroshi a baki.

Suruki ba ya hawa bayan mijin 'yarsa, jiki na gugar jiki. Shi ya kamata ya ji nauyin wannan. Bai ji ba, kwantena ta fi. Na kawo dadduma na ninka a kan ƙarfen da nake ɗaure bahon nama, bahon yana can kasuwa. Ya tattare riga ya hau. Ya riƙe kafaɗata.

Muka sha kwana ta farko. Muka sha ta biyu. Ga kiyos. Mai kiyos ya ɗago mini hannu, ya ga ban rage gudu ba, ya bi mu da kallo. Soson yana aljihuna na dama, gwiwar Alhaji tana danne shi.

Na yi tunanin tsayawa. In ce, Baba, ku sauka minti ɗaya. Sai me? In ciro katifar da ya jefar a kwata in cusa a gabansa, ya gane mako shida ina yi masa wasan yara? Na ce a raina, tafiyar ba ta da nisa. In na lallaɓa, zai kai.

A cikin Adjamé cunkoso ya taimake ni, ba wurin gudu. Amma injin yana ɗaukar zafi, mutum biyu a kai, iska ba ta bugunsa. Ina jin zafin a ƙaurina. Muka ratsa unguwar Plateau. Da muka hau gada, hanya ta buɗe, doguwa, miƙaƙƙiya, ruwa dama da hagu. Wani mai babur ɗin kai saƙo ya wuce mu.

"Kai! Wannan abin ya wuce mu?" Alhaji ya daki kafaɗata. "Murɗa mana! Me na gyara maka shi don shi?"

"Baba, ya yi zafi."

"Zafi shi ne ƙarfinsa! Murɗa!"

Wannan ce kaɗai maganar da na taɓa mayar masa tun da na san shi, kalma huɗu, kuma ko jin ta bai yi ba. Na murɗa.

Gaskiya ya yi gudu. Bai taɓa gudu irin na ranar ba. Alhaji yana dariya a kunnena, rigarsa tana kaɗawa, yana cewa, "Ka gani? Ka gani?" Muka kamo mai saƙon, muka wuce shi. Sai na ji wani ƙaramin ƙara a ƙarƙashin babban, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Na san shi. Na kai yatsu ga kuloci. Injin ya yi ƙiii, tayar baya ta daskare, babur ɗin ya fara jan gindi gefe. Na damƙe kuloci, tayar ta saki. Muka gangara shiru har bakin ƙarfen gada. Wata tasi ta wuce mu da zagi.

Alhaji ya sauka. Hularsa ta tafi, ban san inda ta faɗa ba. Ya karkaɗe riga, ya dubi babur ɗin, ya dube ni.

"Ka sa masa mai kuwa?"

Na taka kik. Ko motsi, kamar an yi masa walda.

"Dama tsohon ƙarfe ne," in ji shi. "Abin da aka tsinta a bola."

Na durƙusa a bakin titi, motoci suna wucewa, na ce, "Allah ya kiyaye gaba, Baba. Ku yi haƙuri na ɓata muku lokaci."

Ni na faɗi haka. Da bakina.

Ya tare tasi ya shige. Ni na tura babur ɗin. Daga tsakiyar gada zuwa kasuwa ba wata tafiya ba ce ga mai baya. Ni sau biyar na tsaya. Da na isa, rana ta take tsaka. Babur mai ƙafa uku yana tsaye a gaban rumfar, an riga an yi masa lodi na biyu, bahona ma yana ciki. Mai shi ya gaishe ni da fara'a, har da tambayar iyali.

Mahaucin ya dubi babur ɗin, ya dubi salansar mai ƙyalli.

"Ta yi kyau," ya ce. Ya yanko tsoka mai kyau ya sa a leda ya miƙo mini. "Ka kai wa iyali. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Bai ƙara ba, ban roƙa ba. Ya faɗa tun farko.

A motar kaya na mayar da babur ɗin gida. Na buɗe injin a gindin bangon nan. Fistin ya narke ta gefen salansa, ya manne a jikin silinda, ringin ya karye ya yi wa bangon rubutu daga sama har ƙasa. Ba abin gyara. Masu kallo suka taru yadda suka saba. Tela ya ɗauki fistin ɗin, ya juya shi, ya girgiza kai kamar likita.

"Viye, gudu ya yi maka yawa. Irin moto ɗin nan sai wanda ya iya."

Alhaji yana kan kujerarsa. Ya ce, ba da ni yake ba, da gidan yake, "Na gyara masa da hannuna. Kun ji yadda yake kuka. Amma abu in ba a hannun mai shi yake ba, sai haka."

Kowa ya ce gaskiya ne, Alaji. Ni na tattara notuna na zuba a gwangwani.

Matata ce ta yi abin da ban yi ba. Ba ta ce wa ubanta komai ba, ita ma ba ta iya. Ta dai fara ɗaure kaya a zannuwa, kaɗan kaɗan, ta aika wa wata ƙawarta a nemo ɗaki. Da na tambaye ta, ta ce, "Ni na ce ka rufa mini asiri. Ka rufa. Ya isa."

Yanzu muna Treichville, ɗaki ɗaya a bayan tashar motar Bassam. Ina wanke tumbi da hanji a bayan kasuwa wa wata mata mai sayar da kayan ciki. Aikin zaune ne, a kan benci, da bokiti biyu. Bayana yana ɗauka.